Ranar Ruwa da Yaran Aji Shida

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙonsa ya riƙe mini harshe, domin harshen nan nawa shi ya jawo abin da zan ba ku labari. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kun tarar makarantar Hayi tana da suna, har daga wasu ƙauyuka ana kawo yara a kan babur. Kuna jin ana cewa Alhaji Sule ne ya tayar da ita. Ban ƙi yabon ba, ina ma jin daɗinsa, don ban taɓa ganin wanda yabo ya sa wa ciwon ciki ba. Amma rabin labarin kawai ake ba ku. A shekarar da makarantar ta tashi, na faɗi wata magana a bainar jama'a a kan ɗana Kabiru, maganar da ta kusa raba shi da karatu, ta kusa raba ni da shi. Ita nake so ku ji daga bakina kafin wani ya gyara muku ita yadda ya ga dama.

Makarantun firamare na gwamnati uku ne a yankinmu a lokacin, wato shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauye, mutum sai ya hau tudun kanal kafin a ji muryarsa. Akwai ta Bakin Titi, kan hanyar Kano zuwa Zariya, inda 'ya'yan 'yan tireda da direbobi da ma'aikata suke. Akwai ta Tudu, can inda ruwan kanal bai kai ba, wadda iska ta yaye wa rufin aji biyu, yaran suna karatu a gindin darbejiya. Sai tamu ta Hayi a tsakiyar gonakin rani, wadda mu da kanmu muka yi wa daɓen siminti muka sa mata ƙofofi da tagogi. Duk shekara idan sakamakon jarrabawar shiga sakandare ya fito, wadda muke cewa kwaman, ana liƙa takarda a bangon ofishin ilimi, an jera makarantu daga sama zuwa ƙasa. Bakin Titi a sama, Tudu a tsakiya, mu a wutsiya. Ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba. Har ya zama idan an ce sakamako ya fito ba mai wahalar da kansa ya je, an san inda za a same mu.

Ni Bakin Titi ba ta dame ni ba. Yaran da suka tashi suna jin Turanci a tasha, iyayensu na karanta jarida, in sun wuce mu ba abin kunya ba ne. Tudu ce ke ƙona mini rai. Mutanen nan fa a gonakinmu suke ƙwadago da rani, mu ke ba su kwandon tumatir su kai gida. Amma ranar kasuwar Bunkure sai ka ga Malam Iro na Tudu, taubashina, ya baro rumfarsa ya tako har inda nake auna shinkafa don kawai ya yi mini gaisuwar makaranta.

"Sule, ku da ruwa, mu da ƙwaƙwalwa," yake cewa. "Allah bai haɗa wa kowa biyu ba, sai haƙuri."

Taubashi ba a fushi da shi, don haka dariya nake yi in mayar masa da baƙa a kan busassun gonakinsu. Amma in na koma gida abinci ba ya shiga.

Ni ne ciyaman na iyayen yara a Hayi a lokacin, kuma duk mun gama yanke hukunci cewa laifin malamai ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata Litinin da hantsi, dashen tumatir ya kama sosai, na bar gona a hannun ƙaramin ɗana Nura, na sa babbar riga na nufi makaranta da niyyar sai an sauya mana malamai ko a san abin yi. Hedimasta ya ga fuskata ya san ba alheri, sai ya tura ni wajen malamar aji shida. Malama Rifkatu ke nan, mutuniyar kudancin Kaduna, Kirista, mijinta yana gyaran injin ban ruwa a Kura. Shekararta ɗaya a wurinmu, kuma in faɗa muku gaskiya ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Na tarar da ajin rabi babu kowa. Na tsaya a ƙofa na sauke mata duk abin da ke cikina, da wanda ya kamata da wanda bai kamata ba. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta sa aka kawo mini kujera, ta fito da ni baranda, ta buɗe rajistar kiran suna a kan gwiwarta.

Kafin in gaya muku abin da ta nuna mini, sai in tuna wa waɗanda suka tashi a birni yadda ruwan kanal yake. Ba kullum ake samunsa ba, layi-layi ake sakinsa. Layinmu Litinin da Alhamis ne, daga safe zuwa azahar, sai a rufe ƙofar ruwa a buɗe wa na gaba. Wanda ya yi sakaci da ranarsa, sai wata ranar.

Malama ta ɗora biro a kan layin Litinin ta gangaro da shi, sannan ta koma layin Alhamis. Ni karatun bokona na yaƙi da jahilci ne, a hankali nake haɗa baƙi, amma wannan ko makaho ya shafa ya ji. Ranakun nan biyu fashi ne birjik tun daga sama har ƙasa, sauran ranakun kuwa a cike.

"Ciyaman, dubi sunayen kuma," ta ce. "Waɗanda ba sa zuwa ran ruwa, ka san su. Ga Nura naka a ciki. A gidajenku, wane yaro ake riƙewa ran ruwa?"

Na san amsar. Ban ruwa ba aikin ƙarfi ba ne, aikin hankali ne. Sai yaro ya iya jawo ruwa da tiyo daga magudana, ya san fangalin da zai fara buɗewa, wato ɗan yankin shukar da aka kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa, da wanda zai bari ƙarshe, ya lura da inda ƙasa ta karkata, ya toshe da laka daidai lokacin da fangali ya sha, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Ya yi duk wannan yana lissafin rana a kansa, don maƙwabci yana jira. Ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, ya yi kaɗan fure ya zube. Saboda haka babu manomin da ke damƙa ran ruwa a hannun yaron da bai yarda da kansa ba. Kowane gida, yaron da ya fi kaifin kai shi ake cewa yau ba makaranta, zo mu je gona. Ɗan'uwansa kuma a ce masa kai wuce aji, ba ka da amfani a nan. Haka muka gada tun da aka kawo kanal, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibunsa. Mutanen Tudu da ba su da ruwa, 'ya'yansu suna aji kwana biyar cif.

A gidana ma haka abin yake. Kabiru ne ɗan fari, Nura na bi masa da shekara ɗaya, amma Kabiru ya maimaita aji biyar, sai ƙanen ya kamo shi suka shiga aji shida tare. Nura irin yaran nan ne da kafin ka rufe baki ya gane. Kabiru kuwa sai ka faɗa ka sake faɗa, yana kallonka da idanun nan nasa masu sanyi. Sau ɗaya na taɓa ba shi ban ruwa ya cika mini fangali uku har suka ɓalle, ban ƙara ba. Tun daga nan Nura ke gona ran ruwa, Kabiru bai taɓa fashin makaranta ba ko na rana ɗaya.

Na baro makaranta ran nan ina jin kaina kamar wanda ya gano maganin wata tsohuwar cuta. Ranar Juma'a bayan an sauko na tara iyayen yara a gindin ɗorawar ƙofar masallaci. Mutane sun cika, har da matasa da yara a gefe, don an ji ciyaman zai fallasa malamai. Na ce musu ba malamai ba ne, mu ne. Na kawo shawarar a nemi sauya mana ranakun ruwa zuwa Asabar da Lahadi, aka ce wannan wutsiyar raƙumi ce, ta yi nesa da ƙasa, don masu waɗannan ranakun ba za su saki ba, kuma gaskiyarsu. Sai na ce to daga yau har a yi kwaman, kada a ƙara ganin ɗan aji shida a gona ran ruwa. Nan fa aka yi ca. Wani ya ce yaron da zai ci jarrabawa zai ci ko da kwana uku yake zuwa. Wani ya ce ai kowa yana da yaro a makarantar kullum, me ya hana waɗannan ci. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ke gaba, hankalina na biye.

"Me ya hana su ci?" na ce. "Masu kan muna riƙe su a gona, daƙiƙan muke tura wa malamai. Ku dube ni, ni ne misali. Nura na fangali, Kabiru na aji. Da Kabiru za mu kayar da Tudu?"

Aka kwashe da dariya. Maganar ta shiga, don kowa ya ga gidansa a ciki, kuma a wannan zaman aka amince, da sharaɗin ni zan fara. Na juyo ina jin daɗin nasara, sai idona ya faɗa kan Kabiru a tsaye a bayan sahu, riƙe da takalmana yana jira in fito. Bai sunkuyar da kai ba, bai yi kuka ba. Ya ajiye mini takalman a gabana yadda ya saba, ya juya ya tafi. Magana zarar bunu ce, na riga na zare.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Mahaifiyarku Binta, Allah ya jiƙanta, tana tsakar gida tana juya shinkafar da ta turara ta shanya. Ba ta taɓa faɗin sunan ɗan farinta ba har ta bar duniya, Babba take ce masa, kuma a gaban mutane ko kallonsa ba ta cika yi ba saboda kunya. Ran nan ta ajiye kunya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta daina juya shinkafar ba.

"Malam, yau ka yanka yaro ba wuƙa. Yaron da bai taɓa fashi ba don kada ka ji kunya, shi ka zaɓa ka yi misali da shi. Ga littattafansa can ya kawo mini, ya ce in ajiye wa na baya."

Na leƙa ɗakinta na gan su a kan samira, an ɗaure su da tsumma tsaf, har da kayan makarantar a ninke. Da ni mutumin kirki ne a wannan lokacin, da na kira shi na ba shi haƙuri an wuce wurin. Amma ɗan fari ne, tsakaninmu akwai kunya, kuma a yadda aka tarbiyyantar da mu uba ba ya roƙon ɗansa gafara. Ga girman kai nawa na kaina, wanda ba al'ada ce ta ba ni ba. Abin da na iya kawai, na ce a gaya masa ran Litinin ina so in gan shi a aji, kuma ba shawara nake ba shi ba. Ya je. Amma daga ranar ya rufe mini ƙofa. Da safe zai durƙusa ya gaishe ni, in amsa, ya tashi. Yaron da in na dawo daga gona shi ke karɓar fartanya yana ba ni labarin abin da aka yi a makaranta ko ban tambaya ba, ya koma baƙo a gidana.

Ran Litinin ɗin Malama Rifkatu ta aiko a kira ni. Na tafi ina tsammanin godiya, don ajinta ya cika maƙil. Ko kujera ba ta sa an kawo ba.

"Ciyaman, ni ban ce maka yaran da ke zuwa kullum daƙiƙai ba ne. Kai ka faɗa."

Ta ce abin da take so in gane daban ne. Duk darasin da ta koyar ran Litinin sai ta maimaita ran Talata saboda waɗanda suka je gona, na Alhamis ta maimaita ran Juma'a. Mako mai kwana biyar ya koma kwana uku, shekara ta ƙare ba a kai rabin littafi ba. Yaro ya shiga jarrabawa ya tarar da tambayar da ba a taɓa koya masa ba, mai kaifin kai ya yi 'yan dabaru ya tsira, irin su Kabiru su faɗi, ba don ba sa ganewa ba sai don ba a kai su wurin ba. Ta ce Kabiru yana daɗewa kafin abu ya shiga, amma in ya shiga ba ya fita. Yanzu kuma tun safe yana zaune a bencin baya, ko biro bai ɗauka ba. Ta ce ita za ta yi nata, amma abin da na ɓata ba ita za ta gyara ba. Na juya na fito. A rayuwata mutane kaɗan ne suka taɓa rufe mini baki, ita ce ta fi kowa iyawa.

Sai kuma gona ta kawo nata. Gonaki biyu nake da su a layinmu, ta sama kusa da ƙofar ruwa, da ta ƙasa can wutsiyar layi wadda muka gada daga mahaifinmu. Ruwa a lokaci guda yake zuwa musu, shi ya sa da ni ke riƙe ɗaya, Nura ɗaya. Yanzu na rage ni kaɗai. Na nemi wanda zai kama mini, amma dokar da na kafa da bakina ta sa kowane gida na neman hannu. Na gwada wani ɗan ƙwadago daga Tudu, gwanin tsinka ne amma bai san ban ruwa ba, a rana ɗaya ya ɓalle mini kunyar fangali ruwa ya kwanta a albasar maƙwabci, sai da dattawa suka shiga. Na yi mako biyu ina zirga-zirga a keke tsakanin gonakin, in buɗe nan in ruga can, kowacce ta sha rabi. Na ga in na ci gaba duka biyun zan rasa. Yayana Haruna ya zo har gida ya ce in daina hauka, in ɗauke yaro ɗaya, ba wanda zai ce mini don me. Ya ce ai ni da bakina na faɗa wa duniya wanda ba a sa rai da shi. Wannan maganar ta Yaya ta fi komai yi mini ciwo, don tawa ce ya dawo mini da ita.

Tumatirin gonar ƙasa ya yi fure a shekarar irin wanda ban taɓa gani ba. Hanyar makaranta kuma ta bakin gonar ta bi, don haka yaran suna ganinta safe da rana. Wata Alhamis na isa da sassafe ina kallon ganyen da ya fara laushi, sai na ji tafiya a bayana. Kabiru ne, ba kayan makaranta, da fartanya a kafaɗa da tiyo a hannu. Rabon da ya yi mini magana mai tsawo tun ranar ɗorawa.

"Baba, tumatirin nan mutuwa zai yi. Tunda ni ba na ganewa, bar ni in riƙe shi. Zan kula, ba zan ƙara ɓallewa ba."

Na dubi gonar, na dube shi. Wallahi na so in karɓa. Da na karɓa ba mai zargina, Nura zai ci, ƙila makaranta ma ta tashi, tumatir ya tsira. Amma na san in na ba shi fangalin nan yau, na sa hannu a kan abin da na faɗa, kuma ba zai ƙara komawa aji ba har abada.

"Bar shi ya mutu," na ce. "Ajiye fartanyar nan ka wuce makaranta."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Na karɓe tiyon daga hannunsa, na ɗebi laka na toshe bakin magudanar da ke shiga gonar ƙasa, yana kallo, na hau keke na tafi ta sama. Ban ƙara ba ta ruwa ba. A cikin mako biyu fure ya zube, ganye ya ƙone, gonar da ake tsayawa a kalla ta koma abin nuni. Ana tsinka a ko'ina, motoci na lodin kwanduna zuwa Kudu, tawa tana tsaye ƙurmus a tsakiyar kore. Yaya Haruna ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. A gida an ji jiki a shekarar, an ci tuwo da miyar da ba ta da fuska, kuma mahaifiyarku ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Wani amfanin da ban yi tsammani ba, waɗanda suka fara zamewa suna ɗauke yaransu a ɓoye, da suka ga gonata sai kunya ta kama su suka mayar.

Kabiru bai sauya mini ba, gaisuwa ce dai a tashi. Amma Binta ta gaya mini ya kwance littattafan da kansa, kuma in sun dawo Islamiyya yakan zauna bayan rumbu shi da Nura, ƙanen na yi masa bayani yana sa shi ya maimaita har sai Nura ya gaji ya gudu. Malama kuma ta aiko mini da saƙo ta bakin mijinta cewa a karon farko sun kai bangon littafi. Aka yi kwaman kafin ruwan sama ya sauka. Na tambayi Nura ya ce da sauƙi. Kabiru ban iya tambayarsa ba.

Sakamako ya fito da damina, shinkafa ta rufe ƙasa. Wannan karon ban jira a kawo mini labari ba, na hau mota na tafi ofishin ilimi. Ina sauka na ga Malam Iro a gaban bangon, hula a ƙeya. Bakin Titi na nan a sama, kuma kada in yi muku ƙarya, sai da muka ƙara wasu shekaru kafin mu taɓa ta. Amma a ƙarƙashinta Hayi ce, Tudu ta koma wutsiya. Na yi shekaru ina tanadin maganar da zan gaya wa Iro a irin wannan rana, amma ko kallonsa ban yi ba. Na matsa ga takardar sunayen waɗanda suka ci. Nura ne na farko a makarantarmu, na wuce shi kamar ban gani ba. Na ɗora yatsa ina gangarowa, ina haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya, takardar na ƙarewa. Saura suna uku a gama na ga Kabiru Sule. Na karanta sau uku don kada ya zama idona ne. Na zauna a dakalin ofishin. Iro ya zo ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskata, sai ya fasa ya zauna kusa da ni.

Daga baya Malama Rifkatu ta ƙarasa ni. Ta ce ba da makin na ɗaya ake jera makarantu ba, da yawan waɗanda suka ci ne. Nura da ire-irensa ko a da ma sukan tsallake. Waɗanda suka ɗaga Hayi sama da Tudu su ne na ƙasan takardar, waɗanda na kira da sunan da na kira su. Wato dai da Kabiru muka kayar da Tudu.

Juma'ar da ta biyo baya aka sake cika a gindin ɗorawa, ana ta sa mini albarka, har Yaya Haruna ya miƙo hannu. Na bari aka gama. Sannan na miƙe na ce akwai maganar da na ajiye a wurin nan, na zo ɗauka. Na sa aka kira Kabiru ya shigo tsakiya, abin da ban taɓa yi wa ɗan fari ba. Na ce a nan na kira shi daƙiƙi a gaban kowa, kuma a nan nake shaida wa kowa cewa ƙarya na yi, rashin hankalin nawa ne ba nasa ba, da shi da sauran yaran da na haɗa. Na ce ina roƙonsa ya yafe mini. Wasu dattawa suka kawar da kai, don ba su taɓa ganin uba ya yi haka ba, kuma na san har yau akwai masu ganin na zubar da girma. Ni kuwa duk abin da na yi a rayuwata, da Makka da na je da makarantar da ake yabona a kanta, ba abin da nake alfahari da shi kamar tsayuwar nan.

Kabiru ya durƙusa, kansa a ƙasa. Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai da na sunkuya na ji.

"Baba, ai ka riga ka roƙa. Tun ranar da ka toshe ruwan gonar ƙasa na ji ka."

Na kama hannunsa na tashe shi, muka tafi gida tare, yana ba ni labarin tambayoyin da suka ba shi wuya tun daga ta farko, ban kuma katse shi ba har muka shiga zaure.